Jikan Mai Awon Auduga

Ranar da Zainulabidin ya cike takardar jarrabawar shiga jami'a karo na uku, a wani shagon kwamfuta kusa da tashar mota a Funtua, mai shagon ya tambaye shi jiharsa ta asali ba tare da ya ɗago kai ba. Shekara biyu a jere yana cewa Katsina, shekara biyu kuma sunansa bai fito a fannin haɗa magunguna da yake nema ba. A wannan karon sai ya ce Gombe, ya faɗi ƙaramar hukumar da ya taɓa ji an ce daga can kakansa ya fito. Mai shagon ya danna, ya kira na baya. Abin bai kai tsawon shan ruwa ba.

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan ne ya ba shi ƙarfin zuciya a lokacin. Mahaifinsa, Malam Bature, agola ne. Yana da shekara biyu uwarsa ta shigo da shi goye gidan Malam Zubairu, a ƙauyensu da ke kan hanyar Maska, bayan mijinta na fari ya rasu. Wannan miji baƙo ne daga ƙasar Gombe, ya zo Funtua aikin awon auduga a zamanin da auduga ke da daraja, zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina. Malam Zubairu ya riƙe yaron riƙon ɗa, ya yi masa aure, har katin zaɓen Bature sunan Zubairu ne a jiki. Kafin ya rasu ya nuna masa gonar bakin hanya ya ce ya ba shi. Da baki aka yi kyautar, a gaban dattawa biyu, su ma yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya haura hamsin a garin ya san wannan labari, amma ba a taɓa jin wani ya furta shi a bainar jama'a ba. Zainulabidin ma a bakin mata ya tsince shi, ranar wani suna, tun yana firamare.

A wurinsa maganar ba ta da wuya. An gaya masa jami'ar jiha ta can 'ya'yanta take fara dubawa wajen ba da gurbi, kuma abin da ɗan jiha ke biya bai kai rabin na baƙo ba. Asali kuma ta wajen uba ake binsa. Abin da ya rage kawai shi ne ya je garin kakan nasa, dagaci ya shaide shi, ya karɓo takardar ɗan asali. Takarda ce, ya gaya wa kansa, za ta shiga fayil a wani ofis mai nisan tafiyar yini, ba wanda zai sake ganinta.

Gurbin ya fito da kaka, ana tsakiyar casar masara. Ya bugo takardar, ya hau mashin zuwa gona. Ya tarar injin casa yana ruri, mahaifinsa na riƙe da bakin buhu, ƙaiƙayi ya yi masa fari a gemu da gira. Sai da aka kashe injin don sallar azahar ya matsa kusa.

"Baba, an ba ni."

Malam Bature ya goge hannu a jikin riga kafin ya karɓa, ya riƙe takardar ta gefe-gefe don kada ya ɓata ta. "Alhamdu lillahi. Ina ne?"

"Gombe."

Dattijon ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. "Gombe," ya maimaita a hankali. "Duk makarantun da ke tsakanin nan da Zariya?"

"Su ne suka ba ni, Baba."

"To. Nawa suke so? Kada ka faɗa min da naira, naira ba ta da kai yanzu. Faɗa min da buhu."

Zainulabidin ya riga ya yi wannan aikin a hanya. Masara ta faɗi a kasuwa a shekarar, taki kuwa bai sauko ba. "In a matsayin baƙo ne, da kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da mota, duk abin da ke gonar nan ne, har da waken suyan da ba a cire ba. Kowace shekara, har shekara biyar."

Malam Bature ya yi gajeriyar dariya. "Mu kuma sai mu ci karan."

"Amma in ɗan jiha ne, buhu goma sha biyu za su shigar da ni."

"Kai ɗan jihar ne?"

"Ana iya nema," in ji Zainulabidin, idonsa a ƙasa.

Mahaifinsa bai ƙara tambaya ba. Ya miƙa masa takardar, ya ɗauki buta ya nufi gindin ɗorawa. Zainulabidin ya ɗauki wannan shirun a matsayin izini, domin haka yake so ya ɗauke shi.

Washegari da hantsi ya tafi babban gida, inda kakarsa Tsohuwa ke zaune a wurin ɗanta Alhaji Maharazu, ƙanen Bature ta wajen uwa, ɗan Malam Zubairu na cikinsa, mai sayen hatsi yana lodi zuwa kudu. Ya same ta a tsakar gida kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, matan gidan na daka a gefe.

"A'a, maigida! Yau ka tuna kana da mata? Ina cefanena?"

"Ai na sake ki tun bara, kunnen ne ya tafi ba ki ji ba."

"Me ka ce?"

"Na ce na sake ki!"

"Ka sake ni ka auri wa? Wa za ta kwashi mai wuya kamar na zalɓe? Zauna ka taya ni, ko boko ya hana ɓarar gyaɗa?"

Ya zauna, ya ɓare 'yan ƙwayoyi, ya gaya mata ya samu makaranta. Ta sa masa albarka mai tsawo. Da yana da wayon da yake zaton yana da shi, da ya ce mata su shiga ɗaki. Amma ransa na kan mako huɗun da aka ba su na rajista, sai ya sunkuya ya tambaye ta a nan, a hankali. Ba ta ji ba. Ya maimaita, ta kawo kunne, ba ta ji ba. A karo na uku ya ɗaga murya yadda aka saba yi mata.

"Sunan garinsu nake tambaya! Garin mahaifin Baba, da sunansa!"

Taɓarya ta tsaya a turmi. Wata yarinya da ke wanke-wanke ta juyo da kwano a hannu. Tsohuwa ta ji wannan karon. Ta dubi gyaɗar da ke tafinta kamar ba ta san yadda ta zo nan ba.

Mace irin ta zamaninsu ba ta kama sunan mijin fari, ko da shekara sittin da rasuwarsa. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. "Sunan ɗan Hajjo mai ƙosai, na biyun." Zainulabidin ya san shi, Almustapha. "Garin Barde ake ce wa garin. Ya ce akwai dutse a bayansa. Ni ban taɓa zuwa ba. Cewa ya yi in an gama kasuwar auduga za mu je."

"To, to, to! Ashe ɗanmu ganin dangi za shi."

Alhaji Maharazu ne, ya fito daga turakarsa da makullin mota a hannu, fuskarsa a sake. Zainulabidin ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani: gurbi, kuɗin baƙo, kuɗin ɗan jiha, takarda.

"Kai, wannan ai dabara ce! Ka ga amfanin karatu ke nan. Su Najiba, kun ji yayanku? Ba irinku ba masu cinye min kuɗin makaranta a awara." Ya zura hannu a aljihu ya ciro kuɗi bai ƙirga ba, ya danƙa masa. "Ga na mota, zuwa da dawowa. Zumunci ai wajibi ne, mutum ya san tushensa. In ka karɓo takardar ka fara kawo min in gani, in sa a yi mata hoto a ajiye. Irin wannan ba a barinta guda ɗaya, sai ta ɓace."

"Maharazu," in ji Tsohuwa. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta tattara gyaɗarta a faifai, ta dafa bango ta shiga ɗaki.

Zainulabidin ya fito yana jin Baffa Maharazu mutumin kirki ne wanda ba a fahimta ba.

Labarin ya riga shi isa gida. Mahaifiyarsa Hansai na tsaye a bakin madafa, ba ta ko ɗora tukunya ba. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika yi masa doguwar magana ba. Ran nan ta yi.

"Kai, zo nan. Ilimin ne ya ce ka je ka tsaya a tsakar gidan mutane kana shelar ubanka ba ɗan gida ba ne?"

"Inna, tambaya kawai na yi. Baffa ma ya ji daɗi, har kuɗin mota ya ba ni."

"Ya ji daɗi mana! Me zai hana shi jin daɗi? Shekara biyu ke nan mutanen Funtua na bin sa a yanka gonar bakin hanya a yi fuloti. Kana tsammanin tsoron Allah ne ya hana shi? Kunya ce. Ba zai iya buɗe baki uwarsu na da rai ya ce wanda suka sha nono ɗaya ba shi da gado a gidan ba, garin nan sai ya tsine masa. Yanzu ba shi ya faɗa ba. Kai ka faɗa, a gaban matansa. Kuma ka yi masa alkawarin za ka kawo masa a rubuce da hatimin hukuma."

"Amma Malam Zubairu ya ba Baba gonar."

"A gaban wa? Je maƙabarta ka taso su."

Ta juya ta shiga hura wutar da ba ta mutu ba.

Kwanakin da suka biyo baya Zainulabidin ya yi su kamar mai jinya. Yana zuwa gona, yana ɗaukar dami, yana ɗinke buhu, amma bai iya haɗa ido da mahaifinsa. Shi kuwa Malam Bature bai canza masa fuska ba, wannan ya fi duka ciwo. A rana ta uku suna tattara kara, motar Baffa ta tsaya a bakin hanya. Mutum biyu masu takalma sau-ciki suka fito, suka bi gefen kwalta suna taku suna ƙirgawa, ɗaya na nuna wa ɗaya wani abu a waya. Malam Bature ya miƙe ya yi musu sannu da zuwa, ya tambaye su hanya, ya koma ya sunkuya.

Zainulabidin ya tsaya da kara a hannu yana kallon gonar kamar yau ya fara ganinta. Tun yana yaro yake jin cewa da can tsakuwa ce da jar ƙasa, ko gero ba ta yi. Mahaifinsa ne ya yi shekara talatin yana kai mata takin gida a kan jaki, mangala bayan mangala, har ta yi baƙi. Daga cikinta aka yi wa Zainulabidin suna, daga cikinta aka biya masa jarrabawa sau uku, daga cikinta ƙannensa biyar ke ci. Ya yi ta auna abin a ransa ta kowace fuska, yana neman inda zai ɓulle. Ya je a matsayin baƙo, gidan ya kwana da yunwa shekara biyar, wannan ba magana ba ce. Ya je a matsayin ɗan jiha, ya miƙa wa Baffa hujjar da yake nema. Ko da ya ƙi kai masa takardar, ai duk garin zai san da wace shaida ya shiga makarantar. Ya haƙura ya sake jarrabawa karo na huɗu, yana ɗan shekara ashirin da biyu, abokan karatunsa wasu na shirin bautar ƙasa. In ma ya je ya gama lafiya, shekara biyar ce, da ta bautar ƙasa shida, da neman aiki wanda ba wanda ya san tsawonsa. Mahaifinsa na da hamsin da takwas. A ina zai yi noma a waɗannan shekarun, a gonar wa, a matsayin wa?

Abin da ya fi cin sa shi ne yadda ya ɗauki kansa mai hangen nesa. Ya san kuɗin rajista, ya san na ɗakin kwana, ya tambayi kuɗin mota daga Funtua zuwa Kano, daga Kano zuwa Gombe, har farashin kwanon shinkafa a can ya bincika. Abu ɗaya ne bai sa a ma'auni ba, shi ne kuma wanda kowace tsohuwa a garin za ta iya gaya masa kyauta.

Ranar Alhamis bayan la'asar, da ma'aikata suka watse, ya sami mahaifinsa a gindin ɗorawa yana gyara bakin lauje. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, na fasa. Zan mayar wa Baffa kuɗinsa. Zan sake rubutawa baɗi, in sa Katsina."

Malam Bature ya ci gaba da goga laujen a dutse. "Ka fasa."

"Na fasa."

"To. In ka fasa, Maharazu zai manta abin da ya ji? Ko matan gidan za su tattaro maganar su mayar maka ciki?" Ya gwada kaifin da babban yatsa. "Shekaranjiya ya zo min. Da ladabinsa ya zo, Yaya kaza, Yaya kaza. Ya ce tunda yara sun fara girma suna neman asalinsu, gara a kira malamai bayan an kwashe amfani, a raba gadon Malam, a fitar wa Tsohuwa tumuninta, kowa ya san nasa."

"Ni na jawo."

"Kai ka jawo. Ban ce ba ka yi laifi ba, ka yi. Da ka tambaye ni a ɗaki da na gaya maka abin da na sani, ko da ba shi da yawa." Ya ajiye laujen. "Amma ni ma na ji ka ran nan a nan wurin, na gane inda ka dosa, na ɗauki buta na tafi. Shekara hamsin da shida ban taɓa faɗin maganar nan da bakina ba, sai na kasa farawa a gaban ɗana. Ka ga kowa da nasa."

Zainulabidin ya ce, "In ban karɓo takardar ba, dagacinmu zai iya sa baki. Dattawa za su iya roƙonsa."

"Za su iya. Wataƙila ya ji nauyinsu ya bar min gefen fadama. In ka karɓo kuwa, ba mai bakin roƙo, za a ce ɗansa ma ya bi dangin ubansa. Duk na san wannan, ba sai mai boko ya karanta min ba." Ya dubi bakin hanya, inda sawun motar yake har yanzu. "Na daɗe da sanin a kan kunyar mutane nake noma. Ranar da Tsohuwa ta rufe ido, dama ranar za ta ƙare. Kai dai ka matso da ita kusa. To yanzu so kake in rasa gonar, in kuma rasa karatun, saboda wataƙila? A'a. An riga an biya kuɗin makarantar nan, Zainu, da abin da ya fi masara. Za ka je."

"Baba, ku fa? Ƙannena su Bushra fa?"

"Ana ba da hayar gona a Musawa, ana bayarwa a nan. Hannuna bai mutu ba. Kuɗin Maharazu kuwa kada ka mayar, ka hau mota da su. Ai ya sayi abin da yake so, bari ya biya."

Ranar Litinin aka kai buhu goma sha biyu kasuwa. Ranar Talata da sassafe Malam Bature ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ari mashin ɗin maƙwabci, ya ɗauko ɗansa zuwa tashar Funtua. Suka wuce gonar, an kwashe ta tas, sai kututturen kara a jere.

A tasha 'yan kamasho na ta kiran Kano, Kano, saura mutum uku. Zainulabidin ya sa jakarsa a but ɗin motar, ya dawo ya tsaya gaban mahaifinsa. Dattijon bai sauka daga mashin ba, ƙafa ɗaya ya kafa a ƙasa.

"In ka isa, kada ka fara da ofis. Ka nemi gidan dagaci, ka cire takalmi, ka gai da kowa. Kada ka ciro takarda sai an tambaye ka. Ka ce kai jikan..." Ya tsaya, ya gyara hula, ya kalli wani mai shayi can gefe. "Ka ce kai jikan Almustapha ne, mai awon auduga, wanda ya tafi Funtua bai dawo ba."

"In suka ce ba su san shi ba fa?"

"Sai ka dawo. Me za mu yi?" Sannan ya ƙara da wata murya wadda Zainulabidin bai san shi da ita ba. "In kuwa ka sami wani tsoho da ya san shi, ka tambaya min. Dogo ne ko gajere. Ita ba zan iya tambayarta ba."

"Zan tambaya, Baba."

"Shiga ka zauna, kada a cinye maka gefen taga. Ni ba zan jira tashinku ba. Maharazu ya ce da hantsi za su zo da masu awo su zagaya iyaka, kuma ni kaɗai na san inda take. In ban je ba sai su shiga gonar mutane."

Ya taka mashin ɗin sau biyu kafin ya tashi. Zainulabidin ya bi farar rigar da ido tana ratsa tsakanin Keke Napep da motocin hatsi, har wata tirela ta shiga tsakani.

Ya shiga mota ya zauna. Saura mutum biyu, in ji ɗan kamasho. Ƙofar a buɗe take, jakarsa na nan a baya inda hannu zai kai, mashinan zuwa Maska kuma ga su nan birjik a bakin tasha. Ya zauna yana kallon ƙofar. Wata mata ta zo da buhun barkono, aka daɗe ana ciniki a kan kuɗin kaya. Wani malami ya zo da 'yar jaka, ya yi sallama, ya ce a matsa masa. Zainulabidin ya matsa. Ɗan kamasho ya turo ƙofar ta rufu, ya buga bayan motar sau biyu.